Taku Bakwai

Ofishinmu ɗaki biyu ne a Jekadafari,
saman shagon mai naɗin fanka.
Ɗaya na Rifkatu, inda kuka ke sauka,
ɗaya nawa, inda ake laluben magani.
Tsakaninmu bango, da taku bakwai,
da 'yar takardar da take liƙa mini a goshin kwamfuta:
"Mutanen Tudun Hatsi sun sake kira."

Shekara biyu ƙafarta ce gada.
Ta ɗebo fushin dillalai a kunne,
kafin ta iso ƙofata rabi ya tsiyaye,
ni kuma in tsoma hannu a sauran
kamar mai neman allura a buhun maiwa.

Daren Laraba, bayan lisha, janareto na tari,
na ɗauko mabuɗin akwatin ƙorafi
na damƙa wa abokin aikin nan marar gyangyaɗi
wanda ke taya ni saƙar manhaja.
Na gindaya masa sharaɗi irin na baƙo:
ka karanta, kar ka amsa wa kowa,
lambar waya ba taka ba ce,
kuɗin mutane ko da ido kar ka taɓa.
Sau huɗu ƙofar na ƙin buɗewa.
Ashe harafi guda na tsallake.

Ƙorafi ɗari uku da sha ɗaya.
Shayina bai huce ba ya gama.

Ya ce: duba su wa ke kuka.
Sa'adu mai wake, rasit bai fita ba.
Mu'azu na Kumo, rasit bai fita ba.
Rabi'atu, Isma'ila, Ɗanjuma, Ɓoyi.
Bala bai taɓa kira ba, Lami ma haka.
Manhajarka na tuntuɓe da lanƙwasa,
in ta ga waƙafi a tsakiyar suna
sai ta ɗauka magana ta ƙare.

Na yi shiru, fanka na juya kunyata.
Ni da na rubuta ta, Shu'aibu ne sunana,
amma tun ranar cike takardar jarrabawa
na sauke wa kaina wannan ɗan kaya
don kada na'ura ta wahala.

Layi tara ya kawo. Na bi su ɗaya ɗaya
kamar mai ƙirga canji gaban direba,
na soke biyu, na bar bakwai.
Kafin asalatu Ɗanjuma ya samu rasit
da ƙugiyarsa tsaye a kan suna.

Da safe na tari Rifkatu da fara'ar ango.
Na ce: ƙafarki ta huta.
Ba ta tanka ba. Ta ja kujera,
ta bi jerin da ya rufe da kansa,
har yatsarta ta tsaya kan Alhaji Hammayo:
"Ba komai. Allah ya saka da alheri."
A gefe an rubuta: an warware.

Ta ce: wannan tsohon in yana zagi, namu ne.
Ran da ya ce ba komai, ya naɗe tabarma.

Ta tari Keke a bakin titi.
La'asar ta dawo, ƙaiƙayi a gashin gira,
da ƙullin gyaɗa da ya ce a ba "yaron inji".
Ashe wata uku yana rubuta buhunansa a bayan kwali,
yana jira wani ya zo ya tambaye shi.

Na koma kan gadar na ƙara layi guda:
duk saƙon da ya zo da "ba komai",
ko "mun gode" babu dalili,
kar ka fassara, kar ka rufe,
miƙa wa ɗakin can.

Ya amsa da to, nan take, ba musu.
Ni kuwa na tashi da gyaɗa a hannu,
na yi takun nan bakwai
da shekara biyu ban taɓa yi ba.